Shekarar da Uwar Duwatsu Ta Rame

Ku yaran yanzu da ke zama bakin kasuwa da sikelin batir, ku ɗora buhu a kan faranti, lamba ta yi tsalle ta fito ja, ku karanta ku ce an gama, ina jin ku sarai in kuna cewa aikin Garba Wazzan, wato ni mai awo, aikin barci ne. Ba ku yi ƙarya gaba ɗaya ba. Na yi barci ƙarƙashin gawon nan na bakin gari fiye da kowane jaki a ƙasar Sinnar. Amma tsakanin barci da barci na auna riɗi da dawa da audugar kusan kowane gida daga nan har kusa da Abu Na'ama, kuma akwai shekarar da saura kaɗan a ƙwace mini mizani, a kira ni ɓarawo a gaban 'ya'yana. Labarin shekarar nan nake so in ba ku. Sai dai ku yi haƙuri ku fara sanin kayan aikin, in ba haka ba ba zai shiga kanku ba.

Ranar da mahaifina ya kai ni wurin Baffa Sambo, mai awon garinmu na wancan lokaci, cewa ya yi da shi, "Ga shi nan, makaranta ta dawo mini da shi." Aji ɗaya na yi, shi ma sau biyu, don na lura malamin bai gama fahimtata ba a karon farko. Baffa ya dube ni sama da ƙasa ya ce ba komai, mizani ba ya son mai wayo da yawa. Ya miƙo mini igiya ya nuna reshe. Aikina na farko ke nan: hawa gawo in rataye mizani.

Mizanin itacen bagaruwa ne, tsawonsa kamar mutum ya buɗe hannuwansa biyu. An huda shi a tsakiya an ratsa ƙarfe, nan ake rataye shi. Kowane kai yana da igiya uku riƙe da kwandon kaba. Bisa tsakiyar akwai wani ɗan ƙarfe mai tsini da muke kira harshe. In harshe ya miƙe ya dubi sama sak, kwandunan biyu sun daidaita. In ya karkata, yana nuna maka wanda ya fi. Shi ke nan kayan, ba waya ba batir, kuma bai taɓa mutuwa don an ɗauke wuta ba.

Kakar farko ban taɓa dutsen awo ba. Kwanduna babu komai a ciki Baffa yake sa ni in tsaya in kalla har su natsu. Ku da kuke ganin abin sauƙi, ku gwada tsayawa gaban itace yana lilo, wanga kai ya sauka wancan ya hau, a hankali kamar kwale-kwale biyu da aka ɗaure a bakin Bahar, babban kogin nan namu, iska tana tasowa daga gonaki da ƙamshin riɗin da aka yanke, kurciya tana kuka bisa kanka. Lilon yana raguwa, yana raguwa, har ka rasa ko itacen ne ke motsi ko idonka. Daga nan sai wani shiru ya sauko, harshe ya tsaya. Baffa ya ce wannan shirun shi ne sana'ar, sauran duk ɗaukar kaya ne. Ni kuwa a nan na koyi barci a tsaye, wanda har yau babu wanda ya kama ƙafata a kansa.

Da ya ga na iya jira, sai ya koya mini musanya. Ka sa dutse a dama, riɗi a hagu, su daidaita. Sannan ka juya, dutse ya koma hagu riɗi ya koma dama. In har yanzu sun daidaita, itacenka lafiya lau. In sun saɓa, to hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ko igiya ta sha raɓa, ko wani ya liƙa taɓo ƙarƙashin kwando. Ya koya mini tsayawa ta inda iska ke zuwa in tare ta da jikina. Ya koya mini duban ƙafafun mai kaya fiye da fuskarsa, don babban yatsan ƙafa ya san hanyar gindin kwando.

Audugar wani mutum da na auna a farkon zamana ni kaɗai ba ta fita raina. Daga hawasharsa, gonar ban-ruwa da yake noma can cikin Jazira, ya zo da ita, fara tas, sai dai kwando ya faɗi ƙasa kamar an zuba ƙarfe. Na tura hannu ciki na ji sanyi. Na ce masa, "Malam, audugarka ta yi alwala." Ya rantse raɓa ce. Na ce to mu jira rana ta shanye raɓar, na shimfiɗa ta a tabarma na kwanta gefenta. Da na farka la'asar, auduga ta yi sauƙi, mai ita kuma ya yi nauyin baki. Akwai kuma wata tsohuwa da ba ta taɓa yi mini magana ba, da mizani take yi. "Sauka mana, ɗan banza, mi na yi maka?" In ya ƙi sauka sai ta tofa masa addu'a, in ya sake ƙi ta tofa masa wani abin.

To, yanzu duwatsu, don a kansu labarin yake. Ba mu da ƙarfen awo a lokacin. Duwatsun kogi muke aiki da su, baƙaƙe masu santsi da ake tsinta in Bahar ya janye. Ratal shi ne ma'aunin nauyi a nan, kusan laba ɗaya. Akwai na ratal goma, na biyar, na biyu, na ɗaya. Gintar ratal ɗari ne, wato cikon kwando goma da babban dutsen. Waɗannan na aiki su muke kira 'ya'ya. Suna da uwa.

Uwar duwatsu ba daga kogin nan ta fito ba. Kakanninmu ne suka taho da ita daga yamma, cikin kayan wata mata, a hanyar da suka ɗauko da niyyar Makka har Allah ya zaunar da su nan. Launinta kamar hanta, ratal goma ce cif, kuma ba ta aiki. Tana kwance cikin jakar fata ƙarƙashin gadon igiya na Haboba Inno, matar Baffa Sambo; haboba muke ce wa kaka a nan. Sau ɗaya a shekara, kafin a fara kakkaɓe riɗi, ake fito da ita. A wanke ta, a sa ta a kwando, a sa babban ɗanta a ɗaya kwandon. In ɗan ya gaza ta, a mayar da shi kogi a nemo wani. In ya fi ta, a goge shi a kan dutsen niƙa har su daidaita, daga shi kuma a gyara ƙannensa. Kusan kowace shekara ɗan ne ke fin uwar da ɗan kaɗan. Baffa ya ce man riɗi ne da dauɗar hannu suke sha. Na yarda, don ni ma abin da ke sa ni ƙiba ke nan. Da Baffa ya rasu, mizani da 'ya'ya suka dawo hannuna, uwa kuwa ta zauna inda take, don al'ada ta ce ɗakin tsohuwa ne makwancinta.

Shekarar da nake faɗa muku, ruwa ya fara da kyau, sai ya ɗauke ana tsakiyar fure. Riɗi ya yi rabin abin da ya saba. Dawa ta tsaya iya gwiwa tana kallon mutane. Zazzaɓi da gudawa suka shiga yara, ka ga yaro a bayan uwarsa wuya kamar kara. Da lokacin gwaji ya zo na ɗauko uwa daga ɗakin Haboba, na ga ɗan ya fi ta sosai, ba irin na kullum ba. Na ce kai, wanga yaro ya ci mai a shekarar yunwa, ba shi da kunya. Na zauna na goge shi wuni guda ina waƙa. Har yaba uwar na yi a raina, na ga gefenta ɗaya ya yi lebur, tana zama daram a kwando ba ta mirginawa.

Mai sayen riɗin garinmu wani ɗan kasuwa ne na Damazin, Hajji Babikir, Balarabe mai ƙaton rawani da ƙaramar murya. Tun zamanin Baffa yake zuwa da lori, kuma bai taɓa kawo mai awonsa ba. Abin da na ce gintar ne, gintar ne. Can Damazin yana sake ɗora buhunan a kan babban sikelin ƙarfe na kasuwar hatsi, in ya ga 'yar gaza sai ya ce riɗi ne ya sha iska a hanya. Ga kuma gyara, tafin hannun da kowane manomi ke watsawa bisa kwando bayan harshe ya tsaya, ita ke rufe sauran. A shekarar nan ba wanda ya yi gyara. Mutum yana tsaye yana ƙirga ƙwayar riɗinsa da ido, ina zai watsa tafi?

Lorin farko ya tafi, bayan 'yan kwanaki Hajji ya dawo ba lori. Ya same ni ƙarƙashin gawo, bai ko zauna shan jabana, gahawarmu ta nan, ba.

"Ya Garba, riɗinka ya gaza. Ba na iska ba, ba na hanya ba. Buhuna sun tafi a ciki."

Na ce, "Ya Hajji, sikelin Damazin ne ke da yunwa. Duwatsuna sun gaisa da uwarsu bana."

"Ya zol, bawan Allah, bar wasa. Ran kasuwa mai zuwa zan taho da ƙarfen ratal goma mai hatimin hukuma. A fito da uwar taku gaban mutane. In ƙarfe ya rinjaye ta, zan kawo mai awona daga Damazin, kai kuma ka san sunan da za a kira ka."

Na san sunan. Mai awon da aka kama da dutse mai sauƙi ba ya sake rataye mizani, ko gishirin miya ba mai kawo masa. Kafin magariba magana ta zaga gari. Wasu suka ce ai Garba manoma yake taimako, ɓarawon kirki ne. Wasu suka tuna da dutsen nan na auna musu sukarin biki, suka ce ɓarawo dai ɓarawo.

Washegari na shiga kwale-kwale na nufi garin Suki wurin Nafisa, ɗiyar ƙanwata, wadda ke koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata. Duk danginmu ita ce ta ƙarasa karatun da na fara. Na same ta lokacin hutun karin kumallo, na ja ta gefe na tambaye ta abin da ya hana ni sukuni: shin dutse yana ramewa a shekarar fari, kamar yadda saniya ke yi? Ko kuwa ƙasa ce ta gaji, ta rage riƙon abubuwa?

Ba ta yi dariya ba, Allah ya yi mata albarka. Ta ce, "Kawu, abin da kake kira nauyi abu biyu ne a wurinmu. Akwai kutla, akwai wazan. Kutla ita ce yawan abin da ke jikin abu, naman dutsen kansa. Wazan kuwa shi ne ƙarfin da ƙasa ke jan abin da shi zuwa gare ta."

Na ce ai duk ɗaya ne, kamar Garba da Abubakar.

Ta ɗauko wani sikelin ƙugiya daga ɗakin gwajinsu, mai murɗaɗɗen ƙarfe a ciki, ta rataya jakata. Ƙarfen ya miƙe, allura ta sauka. Ta ce wannan jan ƙasa yake ji. In aka hau da shi duniyar wata, inda ja bai wuce kashi ɗaya cikin shida na namu ba, allurar da ƙyar za ta motsa, alhali ba a cire komai daga jakar ba, ragowar kisrata, gurasar dawar da na yi guzuri, da carbina suna ciki. "Amma naka mizanin, Kawu, ko a wata aka rataye shi gaskiya zai faɗa. Wata zai ja dutse da rauni, ya ja riɗi da rauni iri ɗaya, harshe ya tsaya inda ya saba. Kai ba jan ƙasa kake aunawa ba. Kutla kake gwadawa da kutla."

Na gyara zama. Shekara da shekaru ina auna abin da ban san sunansa ba, kamar mutumin da ya tsufa da mata bai taɓa tambayar sunanta na yanka ba.

Na ce to yaya mutum zai ji kutlar nan in ba ta hanyar ɗauka ba? Ta ce in tuna kwale-kwalen da ya kawo ni. In an cika shi da buhuna, ruwa ne ke ɗauke da shi, ba kafaɗar kowa ba. Amma tura shi daga gaɓa sai ƙarti sun haɗu, in kuma ya ɗauki tafiya tsayar da shi sai an ja da gaske. Wanda ba kaya, yaro ma ya ture shi da ƙafa. Wannan taurin kai na ƙin tashi in yana zaune, da ƙin tsayawa in ya tashi, shi ne kutla. Na ce in haka ne na san mutane masu kutla da yawa a majalisar Shehu, mai garinmu.

Har ta gaya mini Turawa ma uwa gare su. Wani dunƙulen ƙarfe ne, kilo ɗaya, a ƙasar Faransa, a rufe cikin gilashi cikin gilashi, ba mai taɓa shi da hannu, sai an daɗe ake fito da shi a gwada 'ya'yansa na ƙasashe. Duk da haka sai da aka ga shi da 'ya'yan suna saɓawa da abin da ido ba ya gani. Daga baya ta ba ni labarin an yi masa ritaya, an ɗaure kilo ga wani adadi na halitta wanda hannu ba ya kaiwa gare shi. Wannan ban gane ba, kuma na daina ƙoƙari.

Na ce, "To uwar tamu fa?"

"Fari ba ya rage kutla, Kawu. Zafi ba ya rage ta, tsufa ba ya rage ta. Dutse ba ya raguwa sai an cire wani abu daga jikinsa, kuma abin da aka cire ba ya ɓacewa, wani wuri ya koma." Tana faɗin haka sai ta kai hannu baki, ta dube ni wani iri. Ta ce, "Har yanzu a ɗakin Haboba Inno take kwana?" Na ce ina za ta? Ta ce ran kasuwa tana nan tahowa, kada in yarda a fara ba ta iso ba.

A hanyar komawa rana ta yi zafi, ruwa yana lasar cikin kwale-kwale, na jingina da buhun albasar wani. Barci ya kwashe ni, sai ga ni a duniyar wata, da gawona da mizanina. Ƙasar fara ce kamar auduga. Baffa Sambo yana zaune yana shan jabana, kofin yana shawagi gaban bakinsa. Mutanen garinmu sun yi layi, kowa ɗauke da buhu biyar a ka yana tafiya kamar fara, tsohuwar nan mai zagin mizani ta yi tsalle ɗaya ta wuce bisa gawo. Na ɗaga dutsen ratal goma da ɗan yatsa na ajiye a kwando, na zuba riɗi, yana sauka ƙwaya ƙwaya kamar ba ya son isa. Itace ya yi lilo mai tsawo, mai tsawo, can ƙasa kuma Bahar yana kwance kamar zaren shuɗi. Harshe ya tsaya sak. Na juya in nuna wa Baffa, sai mai albasa ya zungure ni ya ce in ɗaga kaina daga dukiyarsa.

Ran kasuwa da hantsi gari ya taru ƙarƙashin gawo. Shehun gari yana kan kujera, Hajji Babikir yana tsaye da ƙarfensa mai kunne da hatimi. Nafisa ta iso ta tsaya cikin mata. Na rataye mizani, na bar kwanduna suka natsu babu komai don kowa ya gani. Na sa uwa a dama, Hajji ya sa ƙarfe a hagu. Ba a ma yi lilon kirki ba. Ƙarfe ya sauka, uwar duwatsu ta tashi sama gaban jikokin waɗanda suka ɗauko ta. Na musanya su, ko itace zai ji tausayina. Bai ji ba.

Hajji ya ɗauke ta ya jujjuya, ya shafa gefen nan mai lebur da babban yatsa. Ya ce da Shehu, "Wannan goge ta aka yi. Ba yau ba, ba jiya ba, amma sabuwar gugar tana nan a fili." Idanu suka juyo kaina, don duk garin ni kaɗai aka san ina goge dutse.

Sai muryar Nafisa daga baya: "Haboba, ki taho ki gaya musu, ko ni in faɗa."

Mata suka buɗe hanya. Haboba Inno ta fito da sandarta, a lokacin ta tsufa har ta koma kamar ƙugiya. Ba ta dubi Shehu ba, ba ta dubi Hajji ba, dutsen ta karɓe daga hannunsa ta rungume.

"Mi kuka tara mutane a kai? Ni ce nike goge ta. Uwar mijina ta goge ta, ita ma a hannun tata uwar miji ta gani. Wanga dutse na nauyi ne. In ɗiya ya rame, uwarsa ta kawo shi da safe, in goga dutse bisa ƙaramin maniƙi da ruwa, ruwan shi yi ja, a ba yaro shi sha don shi yi nauyi. Da, a shekara yaro biyu ne ko uku. Bana kuwa kun ga yaran da idonku. Har daga ƙauyukan ƙetare ake tahowa. In hana su?"

Shehu ya ce, "Inno, shekarun nan duka ba ki gaya wa maza ba?"

"Wa ya tambaye ni? Kai da kake magana, Shehu, wata biyu kana shan ta, ƙafafunka kamar na zalɓe. Garba kuwa da ake wa kallon ɓarawo, shi ya fi kowa cin ta. Uwarsa ta yi ta safara da shi har na ce ta bar wa 'yan baya."

Dariya ta fashe, irin wadda gari bai yi ba tun ɗaukewar ruwa. Na dubi tumbina, kowa ma shi ya duba. Ashe ni ina nan ina goge 'ya'ya su bi uwa, uwa kuma tana can tana shiga cikin mutane. Na dubi taron, tsofaffi da matasa da goyo, na ga dutsen kakanninmu yana tsaye a rana da ƙafafu, yana tari, yana sosa ƙeya. Nafisa ta ce da matan a hankali garin dutse ba ya sa yaro ƙiba, yaron da ke gudawa ruwan gishiri da sukari yake so da abinci da asibiti. Haboba ta ce ta ji, amma a dubi Garba. Nafisa ta ce Kawu kam wainar mutane ce ta gina shi.

Hajji Babikir bai yi dariya ba, ko da yake na ga rawaninsa yana rawa. Ya ce ya yarda ba sata ba ce, amma buhunansa ba su dawo ba, kuma shi ba zai sake sayen riɗi a kan dutsen da ake sha ba. Maganar kawo mai awo daga Damazin tana nan.

Haboba ta buga sanda a ƙasa. Ta ce, "Duk gidan da aka sha dutsen nan, a kawo kwanon riɗi. Wanda ya sha da yawa ya san kansa."

A shekarar da mutum ke ƙin gyarar tafi ɗaya, kwano ba wasa ba ne. Shehu ne ya fara tashi ya aika gida. Daga nan mata suka watse, can sai ga su suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, kwano a ka, wata cike wata rabi, suna juyewa bisa tabarmar da ke gabana. Labari ya ƙetare kogi, bayan azahar kwale-kwale ya kawo na ƙauyukan can. Matata ta kawo uku, ta ce ɗaya na yara ne, biyu nawa. Tsibi ya yi ta tashi, ƙamshinsa ya cika inuwar.

Hajji ya daɗe yana kallon tsibin. Sannan ya sunkuya ya ɗauki ƙarfensa ta kunne. Na zaci lori zai nufa da shi. Sai ya ajiye shi a kwandona.

"Auna, ya Garba. Kuma ƙarfen ya zauna nan wurinka. Shi dai ba na jin za su iya shanye shi."

Na auna. Kwando bayan kwando, ina tsaye ta inda iska ke zuwa, ina jiran shirun nan kowane karo, ba wanda ya ce in yi sauri. Da muka cike abin da ya gaza, sai ga ragowa a tabarma, ta kai buhu da ɗoriya. Hajji ya ce shi ba ya ɗaukar ƙwayar da ba tasa ba. Mayarwa kuma ba ta yiwuwa, riɗin kowa ya shige na kowa. Shehu ya fara gyaran murya zai yi hukunci, Haboba ta riga shi. Ta sa aka kwashe zuwa ɗakinta, inda ta tura uwar duwatsu ƙarƙashin gado, wannan karo ba mai sake fito da ita gwaji. Tun daga washegari duk matar da ta kawo ramammen yaro da safe sai ta tarar ana soya riɗi ana daka shi da ɗan sukari, a cusa wa yaro dunƙule a hannu. Ko tana haɗa musu da ruwan nan ja, ban tambaya ba, ni namiji ne.

Ni ma na je da safen farko, na tsotse kumatu na tsaya a ƙofa ina tari. Haboba ta leƙo, ta dube ni daga tumbi zuwa ƙafa, ta ce wanda ya cinye uwa ba ya dawowa neman riɗi, ta ja labule.